Jangare, Birnin Iskoki: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya sha gargaɗin nan: kada a watsa ruwan zafi a tsakar gida da dare ba tare da bismilla ba, kada a zauna a bakin ƙofa da almuru, kada a kwanta a gindin tsamiya da tsakar rana. In yaro ya tambayi dalili, sai a rage murya a ce masa, saboda mutanen ɓoye. Abin da ba a cika gaya wa yaron ba shi ne, a bakin 'yan bori waɗannan mutanen ɓoye suna da birni nasu, da sarki, da fadawa, da malamai, da mahauta, har da mabarata. Sunan birnin Jangare. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Mene ne Jangare?

Shi ne babban birnin iskoki a al'adar bori. A faɗar masu abin, duk iskar da ke yawo a duniya, ta cikin kuka da ta cikin rijiya da mai tashi a guguwa, tana da gidan uba a can, kamar yadda ɗan ci-rani ke kwana a Legas amma in ka tambaye shi garinsu ya ce maka Gumel. Birni ne mai sarki da masu riƙe da sarautu, kuma an kasa mazaunansa gida-gida, har gida 12 a lissafin da aka fi sani. Wasu na fassara sunan da jan gari, wasu kuma jan garu, wato ganuwa ta jar ƙasa. Ko wanne aka ɗauka, hoton da ke zuwa wa Bahaushe a rai ɗaya ne: katanga mai kauri, da ƙofofi, da fada a tsakiya.

A ina yake?

Ba a taswira ba. Wani jami'in Ingila mai suna Tremearne, wanda ya zauna da Hausawan Tunis da Tarabulus ya kuma fitar da littafi a kan bori a 1914, ya ji daga bakinsu cewa birnin yana can cikin hamada, wajen ƙasar Azbin, kuma matafiyin da ya shiga ba a sake jin ɗuriyarsa. Wannan bai ba ni mamaki ba. Mutanen da suka ba shi labarin, su ko iyayensu, ta wannan hanya aka ƙetara da su, da yawa a cikin ƙangin bauta. Wanda ya ga kawalwalniya tana yi masa gizo da ruwa da itatuwa a inda babu komai sai rairayi, wanda kuma ya san ayarin da ya tashi bai isa ba, ba zai sha wahalar yarda cewa akwai garin da ke haɗiye mutane a can ba.

A Kano kuwa, in ka matsa wa ɗan bori da tambaya, amsar ba ta wuce cewa wuri ne da idon ɗan Adam ba ya gani.

Wa ke sarautar garin?

Sarkin Aljan Sulaimanu. Inda aka aro sunan a fili yake: Alƙur'ani, a Suratun Namli da Suratu Saba'i, ya ba da labarin yadda Allah ya hore wa Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aljanu suna yi masa aiki. Da Musulunci ya zauna a birane, sai masu bori suka ɗora wannan suna a kan kujerar sarkinsu. Haka aka yi da Zurƙalaini, wanda shi ma mai gida ne a Jangare, kuma kowa ya ji sunan ya san daga Zulƙarnaini na Suratul Kahfi aka lanƙwaso shi. Akwai Sarkin Aljan Biddarene, ƙanin sarki, mai nasa gidan. Akwai kuma Sarkin Aljan Shekaratafe, shugaban iskokin ruwa, wanda sunansa kaɗai ya ishe ni jin daɗi: shekara guda ana tafe.

Sarki yana da dogarai, kamar kowane sarki. Yana da 'ya'ya, da 'yan'uwa masu jiran gado, da manya da ake shawara da su. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar Gidan Rumfa da safe ya ga hakimai suna shiga gaisuwa, to ya riga ya ga fadar Jangare, ko rawunan ba su canza ba.

Su wane ne a gidajen nan 12?

Lissafin gidaje 12 da aka fi sani daga Kano ya fito. Wani Ba'amurke mai nazarin kiɗa, Fremont Besmer, ya zauna da makaɗan bori na Kano a farkon shekarun 1970, ya rubuta abin da suka gaya masa, littafin ya fito a 1983.

Gidan sarki ne na farko, kuma a cikinsa ne makafi da maƙera da dogarai suke. Sai gidan ƙaninsa Biddarene. Sai gidan Malam Alhaji, na malamai. Sai gidan Kuturu. Fulani suna da gidansu da Sarkin Fulaninsu, mahauta da makaɗa suna ƙarƙashin Zurƙalaini, iskokin ruwa suna wajen Shekaratafe, maharba suna da nasu. Daga nan sai gidan Sarkin Arna da gidan Sarkin Gwari, da gidan Turawa, da na ƙarshe wanda ba a son ambatonsa da dare, gidan mayu.

Yanzu ka ɗauki wannan lissafi ka shiga tsohon birnin Kano da shi. Ga Ayagi ta Yarabawa, ga Tudun Nufawa, ga Agadasawa, ga Zangon Barebari, ga Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna tun kafin Bahaushe ya ga ɗan Ingila. Ga Soron Ɗinki, ga Dukawa. Unguwa ko dai ta ƙabila ce ko ta sana'a, kuma kowace tana da mai unguwa, kowace sana'a tana da sarkinta: Sarkin Fawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Kiɗa. Da wannan ma'auni aka yanka Jangare. Wanda ya ƙago birnin bai je nesa neman tsari ba, ya leƙa ta ƙofar zaurensa ne kawai.

Me ya kai kuturu da makaho cikin masu sarauta?

Abin da ya kai su a garuruwanmu. Sarkin Makafi da Sarkin Kutare sarautu ne na gaske a biranen Hausa, ana naɗa su, suna sasanta jama'arsu, suna tsaya musu a gaban hukuma. Birnin Bahaushe bai ɗauki mai lalura a matsayin wanda ya fita daga lissafi ba. Ya ba shi unguwa da shugaba, ko da kuwa unguwar tana gefe.

Kuturu na Jangare babba ne, ana jin tsoronsa, ana kuma girmama shi. In ya hau mutum, za ka ga lafiyayyen mutum ya dunƙule yatsunsa kamar sun gutsure, ya ja jiki a ƙasa, yana magana ta hanci, yana korar ƙudaje daga miyakun da babu su. Yana miƙa dungu a zuba masa sadaka, kuma mai bayarwa da ladabi yake bayarwa. A nan ne nake ganin hikimar abin. A kasuwa mutum zai jefa wa kuturu kwabo daga nesa ya kawar da kai. A filin bori kuwa dole ya durƙusa a gabansa. Hausawa dai sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, to wannan kuturun ba kuɗi kaɗai gare shi ba, har da iko.

Ɗan Galadima fa? Sunansa ya fi na sarkin yawo.

Ya fi, nesa ba kusa ba. Shi ne ɗan sarki, wasu na kiransa Yarima. Kyakkyawa ne, mai ƙwalisa, mai son babbar riga da turare da goro, mai son mata, kuma ɗan caca na ƙin ƙarawa. Hannunsa ba ya riƙe kuɗi. In ya sauka a fili, makaɗa ne suka fi kowa murna, domin kyauta yake yi ta fitar hankali, abin da aka ba shi ya juya ya bayar.

Ciwon da yake sa wa mutum ma irin halinsa ne: mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ya riƙa rabar da abin hannunsa, ya tsiyace yana fara'a. Kowace unguwa ta san irin wannan yaro, ɗan gidan manya da aka shagwaɓa, wanda ya karya gadon ubansa a shekara biyu amma ba a iya ƙinsa saboda daɗin mu'amalarsa. Sarautar Ɗan Galadima kuwa ta gaske ce, a Gobir ita ce ta mai jiran gado. Talaka ba ya iya buɗe baki ya ce ɗan sarki almubazzari ne. Amma yana iya zama a da'ira ya kalli Ɗan Galadiman Jangare yana watsi da dukiya, ya yi dariya har da hawaye, kuma ba dogarin da zai taɓa shi.

Ina matan garin?

Suna nan, kuma mafi girmansu ita ce Inna, wadda ake kira uwar iskoki. Bafulatana ce, ana kuma ce mata Doguwa, sau da yawa don a kauce wa kama sunanta. Nono ne abincinta. Tana ba da arziki in ta so mutum, in kuma aka taɓa abin da take tsaro, ta shanye wa mutum hannu ko ƙafa. Daga nan ne muka sami sunan da har likita yake amfani da shi yau: shan inna. Uwa ta kwanta da yaronta lafiya, ya yi zazzaɓi kwana biyu, ya tashi ƙafa ta saki tana ƙanƙancewa, ba rauni ba jini. Kafin a san ƙwayar cutar, me za a ce in ba wani abu ne ya tsotse ƙafar ba? A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, Najeriya ce ta ƙarshe, amma sunan Inna ya zauna daram a takardun asibiti da sanarwar rediyo.

Akwai 'yar'uwarta Barhaza, ita ma Bafulatana. Akwai Magajiyar Jangare a gidan sarauta.

Nan ma birnin ɓoye da na sarari sun yi kama. A Gobir, Inna sarauta ce ta mace daga gidan sarki, ita ce shugabar mata da 'yan bori, a Maraɗi kuma Iya ake ce wa mai irin wannan matsayi. Da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan karkara, shugabannin da ta naɗa, waɗanda ake ce wa jaji, malfa ta sa musu, hular da aka san Innar Gobir da ita, ta ɗaura mata jan ƙyalle. Ta san matan ƙauye sun saba bin mai malfa, sai ta bar hular ta sauya abin da ke bakin mai ita. Ni dai ban ga dabarar karantarwa da ta fi wannan ba.

Suna aure da zumunci kamar mutane?

Har ya fi namu sarƙaƙiya. Tsohon ɗan bori zai zauna ya jero maka wane ɗan wane, wance matar wane ce kafin ta fita ta auri wane, wane kuma a gidan kawunsa ya tashi domin riƙo aka ba shi. Akwai kishiyoyi. Akwai surukai da ake jin kunyarsu, akwai taubasai da abokan wasa, kamar dai yadda Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Wannan ilimi yana da amfani a wurinsu. Makaɗi dole ya san wa zai fara kira, wa zai biyo baya, waɗanne ne in sun haɗu a fili za a yi raha, waɗanne ne kuma ba a haɗa su. Aikinsa daidai yake da na sanƙira a gidan biki: in ya tsallake babba ya wasa ƙarami, ya jawo wa kansa.

Abin lura shi ne, in ka nemi a siffanta maka titunan Jangare, ko fasalin kasuwarsa, ko tsawon ganuwarsa, zance yakan ƙare da wuri. In kuwa asali da dangantaka da muƙami ne, sai ka gaji. A wurin Bahaushe gari mutanensa ne da yadda suka jeru.

Musulmi ne ko arna?

Duka biyun, kuma suna zaune a ganuwa ɗaya. Ana raba iskoki gida biyu, farare da baƙaƙe. Farare su ne na birni, Musulmi, masu sauƙin sha'ani in an bi da su. Baƙaƙe su ne na daji, arna, masu zafin hannu, irin su Nakaɗa mai haukatarwa da Kure da Mai Gizo.

Shugaban malamai shi ne Malam Alhaji, kuma shi na taɓa gani da idona. Ina yaro, aka yi biki a wani gida bayan namu, da dare aka kafa kiɗan ƙwarya a cikin gida, mu kuma muka haye katanga duk da an hana mu. Akwai wata mata mai sayar da daddawa, 'yar gajeruwa mai yawan faɗa, wadda muke tsokana kullum. Muna kallo ta yi shiru, ta sunkuya, bayanta ya tanƙware, ta soma tari irin na tsoho mai shekara 80. Aka yafa mata farin mayafi, aka miƙa mata carbi, ta zauna tana ja tana motsa baki. Sai ga matan gidan suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, suna durƙusawa suna cewa, “Allah gafarta Malam, a taimaka mana da addu'a.” Har da uwar mijinta, wadda da rana ba ta amsa gaisuwarta sai ta ga dama. Da aka jima ta yi atishawa, ta buɗe ido tana tambayar wa ya ɗauke mata ɗankwali. Washegari na sha bulala a gida, ita kuwa tana bakin kasuwa da faifan daddawarta kamar ba a yi ba.

Birnin iskoki da ke da malami mai tari da carbi a gefe guda, da Sarkin Arna mai shan giya a ɗaya gefen, hoton ƙasar Kano ne na ɗaruruwan shekaru, inda birni ke salla, Maguzawa kuma ke noma a karkara suna biyan haraji.

Baƙo yana samun wurin zama a Jangare?

Yana samu, kuma wannan ne ya fi komai nuna cewa birnin da tarihin mutane yake tafiya. Gidan Turawa asalinsa na Larabawan arewacin Afirka ne, fatake masu zuwa da ayari. Da Nasara ya ci Kano da Sakkwato a 1903, ba a daɗe ba iskoki masu kakin soja suka soma bayyana, suna fareti, suna sara wa juna, suna busa sigari, suna ba da umarni da wani gwamutsattsen yare mai kama da na bariki.

A Nijar abin ya fi fitowa fili. A 1925, a ƙasar Filinge, aka sami wasu sababbin iskoki da ake kira Babule ko Hauka, masu kwaikwayon sojoji da jami'an Faransa. Hukumar mulkin mallaka ta kama masu abin ta ɗaure. Bai hana komai ba, sai ma jami'in da ya yi kamun ya sami gurbi a cikin iskokin, da suna Kumandan Mugu. 'Yan ci-rani suka ɗauki abin har Ankara ta ƙasar Gana. Mutanen da ba su da bindiga sun kama mai bindiga sun sa shi a rubutun garinsu, sun ba shi kiɗa, suna kiransa ya zo, suna kuma sallamarsa in sun gama da shi.

Akwai kuma waɗanda aikinsu ya ƙare. A tsofaffin lissafi akwai 'ya'yan zanzana, ƙananan iskoki masu kawo agana da ƙuraje. Tun da aka bayyana kawar da agana daga duniya a 1980, yaran yanzu ko sunan cutar ba su sani ba, balle na masu kawo ta.

Akwai doka da hukunci a garin?

Akwai, sai dai a jikin ɗan Adam ake zartar da hukuncin. Kowane gida da irin ciwon da yake jefa wa wanda ya taka shi: makafi su taɓa ido, Kuturu ya taɓa fata, na ruwa su kawo ciwon ciki ko su ja mutum ƙasan kogi, Sarkin Rafi ya birkita hankali. Wanda ya sa ciwon kuma shi ne mai maganinsa. Saboda haka aikin boka na farko shi ne gano gidan da ƙarar ta fito, sa'an nan a nemi sulhu, a kai abin da mai gidan yake so, dabba mai launi kaza ko tufa iri kaza. In ka cire sunayen, tsarin kai gaisuwa ne wurin hakimi don a kashe magana.

Ta yaya aka san duk wannan, tun da ba mai zuwa ya dawo?

Su ne suke zuwa, in ji masu abin. Wanda iska ke hawa ana ce masa doki, mace kuma goɗiya, domin hawa ake yi kamar yadda mahayi ke hawan dabbarsa. Ba a zama doki sai an yi girka, wato a killace mai ciwo kwanaki ana ba shi magunguna ana kiɗa, har ya san iskokin da ke kansa ya kuma iya ɗaukarsu. Kowace iska tana da takenta da kirarinta. Maza makaɗa suna amfani da garaya da buta ko goge, mata kuma a cikin gida da ƙwarya. In aka taɓa taken wanda ke kusa, sai ya sauka. In zai tafi, doki ya yi atishawa.

To a cikin waɗannan take da kirari ne aka adana birnin. Nan ne asalin kowa yake, da sunan ubansa, da halinsa, da abin da yake ƙi. Makaɗin garaya shi ne magatakardan Jangare, kundinsa kuwa a ka yake.

Me ya sa lissafin wani gari yake saɓa wa na wani?

Domin kowane gari da madubinsa. Na Kano ya fito da fada mai hawa-hawa saboda haka Kano take. A Maraɗi da Tibiri, inda gidajen sarautar Katsina da Gobir suka koma bayan jihadi, bori ya daɗe yana jingine da fada. A Arewa ta Dogon Dutsi da ƙasar Adar, iskokin ƙasa da na daji sun fi ƙarfi. Maguzawa kuwa, da ba su da sarki mai dogarai a tsakaninsu, iskokinsu sun fi kama da dangi masu zama a itatuwa da duwatsu, kowane gida da wanda ya gada. Wadda take matar wane a nan, sai ka tarar 'yarsa ce a can. Har a Tunis da Sudan, inda jikokin Hausawa suka riƙe abin, za ka ji sunayen da ka sani cikin harshen da ya sauya.

Me addini ya ce?

Samuwar aljanu ba abin musu ba ce ga Musulmi. Alƙur'ani ya ambace su, ya ce daga wuta aka halicce su, akwai sura sukutum da sunansu, kuma a cikinsu akwai muminai da kafirai. Amma a wannan surar dai, aya ta 6, an zargi mutanen da ke neman tsari da aljanu. A kan haka malamai suka tsaya cewa yi musu yanka da neman biyan buƙata a wurinsu shirka ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yaƙi wannan gauraye tun kafin jihadin 1804, kuma tun kafin shi ma tarihin Kano ya ba da labarin yadda sarakuna suka yi ta fama da masu bautar Tsumburbura a gindin Dala. Bayan dawo da shari'a a jihohin arewacin Najeriya daga shekarar 2000, wasan bori a fili ya ƙara ja da baya, masu larura da yawa suka koma wajen masu ruƙiyya.

Ni abin da nake rarrabewa shi ne tsakanin aljanu, waɗanda Allah ya ba da labarinsu, da Jangare, wanda ba aya ba hadisi. Aljanin da ke naɗa rawani irin na Kano, yana da Galadima da Magajiya, yana cin goro, yana wasa da taubashinsa, Bahaushe ne ya ɗinka masa riga. Ana iya karanta wannan birni kamar yadda ake karanta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, don a san mutanen da suka ƙaga shi, ba tare da an yanka ko ɗan tsako ba.

Yau me ya rage na birnin?

A birane kaɗan ne za su iya jero maka gidajen nan ko rabinsu. Tsofaffin makaɗan garaya suna ƙarewa, 'ya'yansu kuma sun kama acaba ko ɗinki, kuma ba wanda zai zarge su. A ƙauyuka da wasu sassan Nijar ana yi har yanzu, sau da yawa cikin gida, ƙofa a rufe.

Inda mazauna Jangare suka fi samun mafaka shi ne bakinmu. Yaro ya faɗi yana birgima don an hana shi alewa, mu ce ya tayar da bori. Wanda aka kama da laifi ya hau faɗa, mu ce borin kunya yake yi. Mara kamun kai ɗan iska ne, wanda ya zauce kuwa an ce yana da iska. Liman ma a kan mumbari, in zai yi kira a kai yara rigakafi, shan inna zai ce. Kwanan baya na ji wata 'yar makarantar Islamiyya tana yi wa ƙaninta tsawa don ya zubar da ruwan zafi a bakin rariya bayan isha'i. Na tambaye ta wa zai ƙone. Ta ce ita dai haka kakarta take cewa, ta ja hannun yaron suka shige ɗaki.